RAINON 'YA'YAN JAMA'A A ƊAKIN YARA NA GIDA: DARASI DOMIN MATAN AURE NA GARIN LAFIYA DA KEWAYE

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka yanke Jihar Nasarawa daga cikin Jihar Filato, aka kuma mai da garin Lafiya hedkwatarta, garin ke ta bunƙasa. Ma'aikatun gwamnati sun taru a cikinsa, asibitoci da makarantu sun ƙaru, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Unguwanni irin su Bukan Sidi da Tudun Gwandara da Shabu sun cika da baƙi waɗanda aiki ko fatauci ya kawo su. A cikin waɗannan baƙi akwai mata da yawa masu goyo: malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da akawuna, da masu saye da sayar da doya da riɗi da agushi.

A da, mace ba ta rasa inda za ta ajiye ɗanta. Akwai kaka, akwai abokiyar zama, akwai ƙanwar miji, akwai 'yar raino. To, amma wadda ta baro danginta a Keffi ko Akwanga ko Kano ta zo ta kama hayar ciki da falo, ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ita kuwa 'yar raino, makaranta ce wurin zamanta, ba gindin goyo ba. Dokar Ƙwadago ta ba mai haihuwa hutun mako 12, ma'aikaciyar Gwamnatin Tarayya kuwa tana samun mako 16. Watau ke nan jariri bai wuce wata uku ko huɗu ba uwarsa za ta koma bakin aiki.

Saboda haka ne wasu matan aure suka shiga karɓar 'ya'yan maƙwabta suna raino a gidajensu, ana biyansu a wata. Sana'a ce mai kyau, mai albarka, wadda mace za ta yi ba tare da ta bar ɗakinta ba. Galibi kuwa ɗakin da 'ya'yan gida ke kwana shi ake mayarwa wurin wasa da rana. An shirya wannan darasi ne domin a nuna yadda za a yi haka ba tare da an cuci 'ya'yan mutane ba, ba kuma tare da an cuci 'ya'yan gida ba.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Mutane da yawa na zaton wannan al'amari tsakanin maƙwabta ne kurum, babu ruwan hukuma. Ba haka ba ne. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Tarayya, ta shekarar 2003, ta keɓe sashe guda a kan rainon ƙananan yara. Ta ce duk wanda ke kula da yaro ɗan ƙasa da shekara 6 a gidansa, domin a biya shi, fiye da awa biyu a yini, mai raino ne a idon doka, kuma wajibi ne hukuma ta rubuta sunansa a rajista. Hukuma na da ikon ƙayyade yawan yaran da zai karɓa, da ikon shiga ta duba gidan. Jihar Nasarawa ta kafa tata dokar a kan wannan tsari a 2005. Don haka kafin uwargida ta karɓi yaro ko ɗaya, sai ta je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar harkokin mata ta jiha, ta nemi bayani. In gidan haya ne, a sanar da mai gida. Yardar maigida kuwa, ba sai an faɗa ba.

A AUNA ƊAKI KAFIN A ƘIDAYA YARA

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da lissafin kuɗi: yaro kaza sau naira kaza. Lissafin da ya kamata a fara da shi na ƙasan ɗaki ne.

A ƙasar Ingila, inda aka daɗe ana wannan sana'a da rajista, an yanka wa kowane yaro filinsa. Ɗan ƙasa da shekara 2 yana bukatar murabba'in mita 3.5, ɗan shekara 2 yana bukatar 2.5, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuwa 2.3. In aka juya su zuwa awon ƙafa, wanda maginanmu suka fi sabawa da shi, za a sami kimanin murabba'in ƙafa 38, da 27, da 25. Kada mai karatu ya yi mamakin ganin ƙarami ya fi babba cin wuri. Mai rarrafe ƙasa ce duniyarsa, kuma yana bukatar inda zai kwanta da inda za a sake masa tufafi ba tare da manya sun tattake shi ba.

To, mu ɗauki ɗaki irin wanda aka fi ginawa a garuruwanmu, ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi. Wannan ya ba da murabba'in ƙafa 144. A cire gado mai ƙafa 6 da ƙafa 4 da rabi, watau 27. A cire kabad da akwatuna, a ce 12. A cire inda ƙofa ke buɗewa, a ce 9. Saura 96. Wannan fili zai ishi jarirai biyu, ko yara masu tafiya uku, ba ƙari. In aka fitar da gadon ɗungurungum, 'ya'yan gida suka koma kwana a katifa wadda za a ɗauke kowace safiya, filin zai kai 123, ya ɗauki jarirai uku ko masu tafiya huɗu. Amma a kai katifar wani ɗaki, kada a jingine ta da bango, domin takan zame ta danne yaro.

Har wa yau a Ingila, ƙa'idar asali ita ce mace ɗaya ba za ta riƙe fiye da yara 6 'yan ƙasa da shekara 8 ba, daga cikinsu ƙanana waɗanda ba su shiga makaranta ba kada su wuce 3, jariri ɗan ƙasa da shekara guda kuwa 1 tak. 'Ya'yan cikinta suna cikin wannan ƙidaya. Wannan ba dokarmu ba ce, amma hikimar da ke cikinta a fili take. Uwargida ta tambayi kanta: in wuta ta tashi a wannan gida yanzu, yara nawa zan iya fitarwa a tafiya ɗaya? Ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, ɗaya riƙe a hannu. Na huɗu fa, wa zai ɗauke shi? Wadda ke son ta wuce wannan adadi sai ta nemi mataimakiya, babbar mace mai hankali, ba yarinyar da aka hana zuwa makaranta ba.

A DUBA ƊAKIN DA IDON MAI RARRAFE

Bayan awo, sai uwargida ta durƙusa a tsakar ɗakin, ta kai idonta daidai inda idon yaro yake, ta kewaya kusurwa-kusurwa. Za ta ga abubuwan da ba ta taɓa lura da su ba a tsaye: soket ɗin lantarki a ƙasa-ƙasa, wayar caji tana reto, allura a ƙarƙashin leda, ƙwayar kafur a bayan akwati, shinkafar ɓera da aka zuba tun bara aka manta.

Ɗakin kwana a gidajenmu shi ne kuma ɗakin ajiya, nan ne hatsarin yake. A ƙarƙashin gado ake tura magunguna, da man shafawa, da turare, da fiya-fiya ta kashe sauro. Duk waɗannan tilas su bar ɗakin, ko su shiga akwati mai kwaɗo. Kananzir da aka zuba a gorar lemo ya sha kai yara asibiti, domin yaro bai san bambancinsa da ruwa ba. In har tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, gama aman ne ke kai kananzir cikin huhu. A garzaya da shi asibiti. Haka nan sodar yin sabulu, wadda ke ƙone maƙogwaro, ba ta da wurin zama a gidan da ake raino.

Kabad da teburin talabijin a ɗaure su da bango, domin mai koyon tsayuwa yana kama duk abin da ya samu ya ja. Fanka ta tsaye a fitar da ita. Dutsen guga, da fulas ɗin ruwan zafi, da hitar da ake tsomawa a bokiti, kada su shigo sam. In akwai gado mai hawa biyu, a cire tsaninsa da rana, ba a kuma kwantar da ɗan ƙasa da shekara 6 a samansa. Igiyar labule da igiyar gidan sauro a naɗe su can sama.

Ruwa kuwa, jama'a su lura, ba sai kogi ne ke cin yaro ba. Mai tatata nauyin kansa yakan rinjaye shi. In ya leƙa bokiti ya faɗa da ka, ba ya iya fitowa, ba ya kuma iya kuka, cikin 'yan mintoci an gama. Bokiti, da baho, da randa, da duro, a rufe su ko a kife su. Rijiyar tsakar gida a yi mata murfi mai nauyi da makulli.

Akwai wata guba da ba a gani, watau dalma. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Jihar Zamfara saboda ana daka duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa, yara suka kai ta baki. Jihar Nasarawa ƙasar ma'adinai ce. In maigida ko wani ɗan gida yana aikin haƙa, kada duwatsun, ko tufafin aiki, ko takalman aiki su kusanci inda yara ke wasa. Tsohon fenti mai ɓarewa ma yakan ƙunshi dalma, yara kuwa suna son ɓantararsa su ci. A kankare shi lokacin da ba yara a gida, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a sake shafe.

Sau da yawa in irin wannan ta faru sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma bokitin da aka kife ba ya cin yaro ko wace rana ce.

ISKA DA ZAFI

Garin Lafiya yana da zafi, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu kafin ruwa ya sauka. Ɗakin da aka rufa da kwano babu silin ba ya zaunuwa da tsakar rana, jariri kuwa ya fi babba saurin galabaita. Ɗakin raino yana bukatar taga biyu masu duban juna in da hali, da ragar sauro, da ƙarfen da kan yaro ba zai shiga tsakaninsa ba. In zafi ya tsananta a shimfiɗa tabarma a inuwa a tsakar gida. Ƙofa kada a kulle ta da yara a ciki, ko da za a je bakin titi ne sayen gishiri.

Janareta a ajiye shi can nesa da taga, a fili. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, daga barcin sai mutuwa. Gawayi ma haka yake. Don haka da hunturu, a watannin Disamba da Janairu, ba a shigar da kaskon wuta ko kurfoti ɗakin yara domin ɗumi. A ƙara musu tufafi.

HAƘƘIN MAI ƊAKI

Yanzu mun zo kan abin da aka fi mantawa da shi. Wannan ɗaki yana da masu shi. Yaron gida ya kwanta jiya da ɗakinsa, da tabarmarsa, da 'yar motarsa, da uwarsa. Ya wayi gari ga baƙi uku sun shigo sun raba shi da duka huɗun. In ya yi kuka a ce ya cika rowa, in ya ƙwace kayansa a doke shi domin kada iyayen baƙi su ji haushi. Uwa takan fi tsananta wa nata saboda kara, kuma kara ɗabi'a ce mai kyau, amma ɗan shekara uku bai san kara ba. Abin da ya gani kawai shi ne uwarsa ta fi son waɗansu. Daga nan sai a ga yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko ya shiga cizo da tsunguli, ko ya ƙi cin abinci.

Maganin wannan ba shi da tsada. Tun kafin a fara, a zaunar da yaro a gaya masa, da harshen da zai gane. A ba shi akwati ko kwali nasa na kansa, ya zaɓi kayan da ba ya son a taɓa, a ɗaga su sama har baƙi su tafi. Kayan wasan raino su zama dabam, na kowa da kowa. Shimfiɗarsa da mayafinsa kada a kwantar da wani a kai, wannan ya kare zuciyarsa ya kuma kare shi daga ƙazuwa da makero. In baƙi sun watse da yamma, a share ɗakin, a mayar da kome inda yake, uwa ta zauna da nata ko na ɗan lokaci ne, ba tare da wani a cinyarta ba.

In kuwa masu ɗakin 'yan makaranta ne, sai a lura da lokacin dawowarsu. Suna bukatar inda za su tuɓe kayan makaranta, su huta, su yi aikin gida. Littattafansu da jakunkunansu a rataye su inda ƙananan hannuwa ba sa kaiwa. Reza ta fiƙe fensir da murfin biro suna cikin abubuwan da ke halaka jarirai. Kada kuma a mai da babbar 'ya ma'aikaciyar da ba a biya. Yarinya ta taimaki uwarta ba laifi, amma amanar da aka karɓi kuɗi a kanta tana wuyan wadda ta karɓa. Inda 'ya'yan gida suka fara girma har suna jin kunyar a shiga musu ɗaki, ya fi kyau a bar musu abinsu, a yi raino a falo.

WASA DA BARCI

Wasa shi ne karatun ƙaramin yaro, ba ya kuwa bukatar kayan kanti. Ƙwarya da ludayi, faifai, murafun tukwane, kwalaye, ƙwallon tsumma, 'yar tsana da aka ɗinka a gida, duk sun isa. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da zai iya shigewa bakin yaro gaba ɗaya ba abin wasa ba ne ga ɗan ƙasa da shekara 3. Wannan ya haɗa da maɓalli, da dutsen ado, da balan-balan, da ƙwallon dabino, da gyaɗa da aya. Ƙaramin batir mai kama da kwabo, irin na agogo, shi ya fi duka sharri, domin in ya maƙale a maƙoshi yana ƙona nama cikin awa biyu.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce ɗan shekara 1 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, a rarrabe. Jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kifa shi a kan cikinsa yana farke, ana kallonsa, jimlar minti 30. Kada a ɗaure yaro wuri ɗaya, ko a kujera ko a baya, fiye da awa guda a jere. Talabijin da waya kuwa, ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2, daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa guda. Ɗaki mai ƙafa 12 ba zai ba yaro gudun awa uku ba, saboda haka lalle a riƙa fita tsakar gida da hantsi da la'asar. A yi musu waƙa, a yi musu hira, a kira musu sunayen abubuwa. Al'ada ta ce ba a tatsuniya da rana, amma ba mu taɓa jin Gizo ya kai ƙarar kowa ba. Garin Lafiya ya tara Alago da Eggon da Gwandara da Barebari da Tibi da Fulani da Hausawa, don haka yana da kyau mai raino ta koyi kalmomin ruwa, da abinci, da fitsari, da ciwo, a harshen gidan kowane yaro.

In barci ya zo, jariri a kwantar da shi rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba tarin zannuwa, shi kaɗai, cikin gidan sauro. Ba a kwantar da shi a gadon manya inda zai mirgino, ko tsakanin manyan yara. A riƙa leƙa shi a kai a kai.

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ya zama tilas a ambata, watau ba yara maganin mura ko na tari domin su yi barci mai raino ta sarara. Wannan cin amana ne, yana kuma iya tsayar da numfashin jariri. Ko maganin da aka saya da kyakkyawar niyya yana iya zama ajali: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a Nijeriya bayan an ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu ya gurɓata da guba. Mai raino ba ta ba yaro kome sai abin da iyayensa suka kawo daga hannun ma'aikacin lafiya, da bayanin awo da lokaci.

CUTA BA TA SALLAMA

Inda yara suka taru a ɗaki ɗaya, abin da ya kama ɗaya yana zagaya sauran, har ya bi su gida. A nemi katin rigakafin kowane yaro kafin a karɓe shi, a duba ko ya sami allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, ta fi tsanani a Kano, yawancin waɗanda ta kama ba su kammala rigakafi ba. Yaron da ya tashi da zazzaɓi, ko gudawa, ko ƙuraje, ko jan ido, ya zauna gida har ya warke, ko da uwarsa za ta yi fushi. Kowane yaro da kofinsa da cokalinsa da tawul ɗinsa. A wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki, da kuma kafin a taɓa abinci. Fo a zubar da shi a masai nan take. Abinci a rufe, a toshe ramukan ɓera, domin zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, ba baƙo ba ne a wannan jiha.

A ajiye ƙunshin gishirin gudawa na asibiti, wanda ake narka guda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In yaro ya kama jijjiga saboda zafin jiki, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa tufafi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa kome, kada a kai ƙafarsa wuta. A kai shi asibiti, a kira iyayensa a hanya. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 nonon uwa kaɗai yake bukata. Uwa ta tatso ta bari a kofi mai murfi a wuri mai sanyi, a ba shi cikin awa huɗu in babu firiji, ko kuwa ta zo da kanta, gama Dokar Ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini.

YARJEJENIYA DA IYAYE

Sabo da kaza ba ya hana yanka, maƙwabtaka kuma ba ta hana rubutu. A sayi littafi guda, kowane yaro da shafinsa: sunansa, ranar haihuwarsa, lambar wayar uwa da ta uba da ta wani na uku, abincin da ba ya karɓarsa, da ciwon da yake da shi, kamar amosanin jini ko asma. A rubuta lokacin kawowa da na ɗauka, da kuɗin wata da ranar biya, da wanda zai kawo abinci. In yaro ya faɗi ko ya ƙuje, a rubuta, a kuma gaya wa uwarsa a ranar, kafin ta gani da kanta wajen wanka. A yarda tun farko cewa babu duka. Iyaye su shiga su ga ɗakin da idonsu, su kuma sami izinin zuwa kowane lokaci ba tare da sanarwa ba. Samarin gida da baƙi maza ba su da abin yi a ɗakin raino, ba a kuma barin yaro da su ko na minti ɗaya.

A ƙasan kowane shafi a rubuta sunayen mutanen da aka yarda su ɗauki yaron, uwa ta kawo su mai raino ta gan su ido da ido. In wani ya zo da yamma, ko ɗan acaɓa ne, ko mace ce mai cewa ita gwaggonsa ce, alhali sunansa ba ya cikin littafi, sai a ba shi wurin zama a waje, a kira uwar a waya a ji daga bakinta. In ba a same ta ba, yaro ya ci tuwon dare a nan.